Kwana Biyu a Fanama, Wata Uku Ana Shawara

Ranar da takardar gayyata ta iso ofishinmu, cewa akwai taron aiki na yini guda a birnin Fanama cikin watan Oktoba, kuma an amince mutum takwas su je, babu wanda ya tambayi abin da za a tattauna a wajen taron. Abin da kowa ya fara ƙirgawa da yatsu shi ne kwana biyun da za su rage kafin jirgin dawowa. Asabar da Lahadi ne kacal, a wani birni na bakin tekun Fasifik wanda agogonsa ke bayan namu da awa 6. Yanzu mun shiga wata na uku muna shawara a kansu. Ni aka naɗa sakatare, in riƙa rubuta abin da aka tsayar. Da yake har yau ba a tsayar da komai ba, sai na koma rubuta masu shawarar.

Dole in fara da Mai Jadawali, don in na sa shi na biyu zai ce na ɓata masa lokaci. Bawan Allahn nan bai taɓa taka Fanama ba, amma ya san inda zai kasance ranar Asabar da ƙarfe 11:20 na safe. Ya zo mana da shafi huɗu, an buga da kwamfuta, an bi wasu layukan da jan biro. Ƙarfe 6:00 muna gindin dutsen Ankon, mu hau mita 199 mu ga ƙatuwar tutar ƙasar da ke kaɗawa a ƙololuwarsa, 7:30 mun sauko. Ƙarfe 8:15 muna kufan tsohon birni. Ƙarfe 11:20 muna Mirafulores muna kallon jirgin ruwa. Daga nan gidan tarihi mai rufi kala-kala da Frank Gehry ya zana, daga nan kasuwar kifi, daga nan jirgin fito zuwa tsibirin Taboga, mu dawo kafin magariba. A wani layi ya rubuta, "Hutawa: minti 9." Na ce masa, "Yallaɓai, me ya hana goma?" Ya ce ɗayan na ɗaure takalmi ne.

Akwai waɗanda bai aika wa kwafin jadawalin ba. Bai aika wa direbobin birnin ba. Fanama birni ne siriri, teku ta gabansa, yankin mashigi da Amurkawa suka killace shekaru da dama ta gefensa, don haka ya girma a tsaye kamar gora ya kuma miƙe gabas kamar igiya, kowa kuma kan tituna ƙalilan yake bi. Cunkoson har suna gare shi, tiranke, kuma a nan ne mutanen birnin ke cinye wani yanki na rayuwarsu. Bai aika wa hadari ba. Damina a can daga Mayu take zuwa Nuwamba, Oktoba kuwa yana cikin watannin da ta fi ƙarfi, da rana tsaka sama kan buɗe baki ta juye abin da ke cikinta ba sallama.

Babban wanda bai samu kwafi ba shi ne jirgin kansa. Mai Jadawali ya ware wa kallonsa minti 25, yana zaton mashigin Fanama rami ne aka tsaga daga wannan teku zuwa wancan, jirage na wucewa fuu kamar motoci a titin Zariya. Alhali jirgi hawa yake yi. Zai shiga wani dogon ɗakin ruwa mai ƙofofin ƙarfe, a rufe bayansa, a sako ruwa daga sama ya ɗaga shi, a buɗe gabansa ya shiga na gaba, mataki bayan mataki har ya kai mita 26 sama da teku, ya ratsa tafkin Gatun, sannan ya sauka ta ɗaya gefen kamar yadda ya hau. Babu injin da ke tura ruwan, gangarowa yake da kansa daga tafkin, kimanin lita miliyan 200 ga kowane jirgi. A tsofaffin ɗakunan, masu faɗin mita 33 da rabi, wasu ƙananan jiragen ƙasa ne ke riƙe da shi da igiyoyin ƙarfe ta dama da hagu don kada ya gogi bango, ana ce musu mula, wato alfadarai. Tafiyar kilomita 80 ɗin tana cin awa 8 zuwa 10. A Mirafulores, ɗaya daga cikin wuraren da ɗakunan ruwan suke, masu hawa da safe suke zuwa, masu sauka sai yamma ta yi, tsakanin nan kuwa sau da yawa babu ko kwalekwale, sai ruwa kwance da tsuntsaye. Ƙarfe 11:20 ɗin da aka ja wa layi biyu na iya faɗawa daidai cikin wannan giɓi. A 2023 da fari ya rage ruwan tafkin, manyan jiragen duniya layi suka ja a bakin teku suna jiran a kira su. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru, ya ciro jan biro, ya mayar da minti 25 ɗin 30.

Duk wannan bayani ba daga kaina ya fito ba, daga bakin Masani na tsince shi. Shi ma bai taɓa zuwa ba, amma ya karanta, kuma ba ya yafe wa kowa hakan. Alamar zai yi magana ita ce ya gyara zama ya ce, "A gaskiya ma..." Ka ce "tsohon birni", zai tambaye ka wanne, domin biyu ne. Akwai na farko da Sifaniyawa suka kafa a 1519, wanda ɗan fashin teku Henri Mogan ya afka wa a 1671 aka bar shi toka, yau sai kufai da hasumiyar coci tsaye ita kaɗai. Akwai na biyu, Kasko Biyeho, da aka kafa a 1673 a kan wani ɗan tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, aka zagaye shi da ganuwa, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Ka ce "mashigi", zai komar da kai 1881, lokacin da Faransawa suka fara haƙa ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, mutumin da ya ci nasarar tsaga Suwez ya ɗauka ƙasa duk ƙasa ce. Suwez rairayi ne a shimfiɗe, Fanama kuwa tudu ne da kurmi da laka da sauro. Kafin kamfanin ya durƙushe a 1889, an kiyasta mutum wajen 22,000 sun mutu, akasarinsu da zazzaɓin cizon sauro da ciwon shawara. Ba irin shawarar da muke yi a ofis ba, ko da yake ita ma tana rage kwana. Sai Amurka ta taimaki Fanama ta ɓalle daga Kolombiya a Nuwamban 1903, ta karɓi aikin a 1904, ta buɗe mashigin a Agustan 1914, da gumin leburori baƙar fata daga Barbados da sauran tsibiran Karebiyan waɗanda ba kasafai ake ganin sunayensu a jikin allo ba. Mashigin bai koma hannun masu ƙasa ba sai ranar 31 ga Disamban 1999, bisa yarjejeniyar da Jimmy Carter da Omar Torrijos suka sa wa hannu a 1977.

Abin haushi game da Masani shi ne ba ya kuskure. Ranar da ya ce a birnin Fanama rana daga tekun Fasifik take ɓullowa, kuma jirgin da ya baro Atlantika zuwa Fasifik kudu maso gabas yake fuskanta, ofis ya kaure da dariya, har wani ya yi masa alkawarin lemon kwalba in ya tabbatar. Aka buɗe taswira. Ashe ƙasar kwance take a karkace kamar macijin da ya ji sanyi, kuma bakin mashigin na Fasifik ya fi na Atlantika kusa da gabas. Ya sha lemonsa a hankali yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Tsorona guda ne: mu je Mirafulores, jirgi ya shigo, ya hau, ya fita, mu kuma duk mun juya masa baya muna sauraron 1881.

Sai waɗanda ba za su je ba, su ne kuma suka fi yawa da ƙarfin murya. Wani dattijon maƙwabcina ya ji an ce "Amurka ta Tsakiya", ya fahimci tsakiyar Amurka. Washegari da asuba sai ga yaro da ƙulli: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, a kai wa ɗansa da ke karatu a Teksas. Na je har zaure na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, ai tsakanin inda za mu da inda yake akwai Kosta Rika, da Nikaraguwa, da Honduras, da Gwatamala, da Meksiko. Ko a jirgin sama awa huɗu ce." Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce, "To madalla, ashe duk hanya ɗaya ce. Ka ɗan biya, Allah ya yi maka albarka." Wa zai mayar wa dattijo ƙulli bayan ya sa albarka?

Surukina kuwa malafa yake so, farar malafar Fanama irin wadda yake gani a fim. Ban iya gaya masa cewa ba a Fanama ake saƙa ta ba. A Ekwado ake yi, a garuruwa irin su Montekiristi da Kuwenka, ta Fanama dai ake fitar da ita zuwa duniya tun ƙarni na 19, sannan aka ɗauki hoton Shugaba Theodore Roosevelt sanye da ita a wajen haƙar mashigi a 1906, suna ya bi ta ya bar masaƙa da aiki. Mutanen Fanama suna da tasu malafar mai zanen baƙi da fari, fintawo, sai dai in na kawo masa ita zai ce na cuce shi da jabu. Akwai kuma ƙanen matata, wanda duk saninsa da ƙasar shi ne Ingila ta ba su 6 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2018, kuma sun yi murnar ɗayan nan kamar su suka ɗauki kofin. Shi riga yake so, mai lamba.

Gwaggona ba ta son komai sai in fasa. Ita labarin duniya a rediyo take ji, kuma abin da ya shiga kanta ba ya tsufa. "Ɗan nan, ba can ne sojojin Amurka suka shiga suka kama shugaban ƙasa suka tafi da shi ba?" Na ce can ne, Gwaggo, Manuel Noriega, amma a Disamban 1989 aka shiga, ya ɓuya a ofishin jakadancin Fafaroma sojojin suka yi ta buga masa kiɗa da lasifika dare da rana, daga baya ya miƙa wuya, ya ma rasu tun 2017, ƙasar kuma ta rushe rundunar sojanta tun 1990. Ta ce, "Ƙasa ba soja? To wa zai cece ku?" Na ga na ƙara wa wuta fetur.

Amma da ta sassauta murya ta ce, "Ba dai ta dajin nan za ku bi ba ko?" sai dariya ta tsaya mini a wuya. Dajin Dariyen take nufi, kurmin da ke tsakanin Kolombiya da Fanama, inda babban titin da ya ratsa nahiyar ya yanke na sama da kilomita 100. A 2023 kaɗai mutum fiye da rabin miliyan suka keta shi da ƙafa suna neman arewa, da mata da goyo, har da 'yan Afirka, wasu kuma a ciki suka ƙare. Mu da za mu sauka a filin jirgin Tokumen da jakunkuna masu taya muna jayayya kan minti 9, ƙasa ɗaya za mu taka da su. Na rantse mata ba ta nan za mu bi ba. Wani sashe na tsoronta ma na riƙe shi: unguwar El Choriyo, wadda ta ƙone a harin 1989, tana manne da Kasko Biyeho, kuma baƙo da ba ya jin Sifaniyanci ba shi da abin nema a lungunanta da dare. Gwaggo ta ba ni addu'a a rubuce da man shafawa na korar sauro. Duka biyun suna cikin jaka.

Mu koma cikin ayari. Mai Kalkuleta ba marowaci ba ne, in ji shi, tsari ne da shi. Duk farashin da aka ambata sai ya danna wayarsa ya mayar da shi naira, sannan ya yi salati. Da ya ji sunan kuɗin ƙasar balbowa, ya ɗauki yini guda yana zagaya 'yan canji a Wafa yana neman takardarta don ya riga mu samun farashi mai kyau. Ba wanda ya taɓa gani, kuma ba laifinsu ba ne, babu ita. Balbowa sulalla ce kawai, darajarta daidai da dala, takardar da ke yawo a kasuwa kuwa dalar Amurka ce tun 1904. Ya dawo a gajiye yana cewa an haɗa baki. Ranar da ya gano jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2014, na farko a duk Amurka ta Tsakiya, santi 35 ne a layin farko, fuskarsa ta yi haske kamar ango, ya kawo shawarar duk inda jirgin nan ba ya zuwa a ɗauka babu abin gani a can. Masani, don neman magana, ya ba shi labarin Richard Halliburton, Ba'amurken da ya yi iyo ya ratsa mashigin a 1928 aka auna nauyinsa kamar jirgi aka caje shi santi 36. Mai Kalkuleta bai yi dariya ba. Tambaya ya yi ko farashin na nan. Kofin gahawar geisha ta tsaunukan Bokete, wadda take cikin mafi tsada a duniya, ya ce zai tsaya kusa da mai sha ya shaƙi ƙamshi. Shirinsa na abinci garin kwaki ne da ƙuli da kilishi na kwana huɗu. An gaya masa jami'an filayen jirgi ba sa wasa da nama a jakar matafiyi. Ya ce to zai cinye a sama kafin a sauka.

Mai Ciki da Ustaz kujera ɗaya suke zama, kuma matsalarsu ɗaya ce, fuskarta ce biyu. Mai Ciki bai taɓa tambayar tsayin wata hasumiya ba. Shi dai me ake ci? Ranar da aka gaya masa abincin da ƙasar ke alfahari da shi, sankocho, farfesun kaza ne da doya da wani ganye mai ƙamshi, ana haɗawa da farar shinkafa, sai da ya cire hula ya shafa kai. Doyar ma nyame suke ce mata, kalmar da masana harshe ke dangantawa da harsunan Afirka ta Yamma, ta bi bayi ta ƙetara teku. Ga soyayyen filanten da ake dannewa a sake soyawa, ga rogo da ake cusa wa nama a soya. Ya ce ashe gida za mu. Ustaz ya ce a bi a hankali, wa ya yanka kazar? Cikin mako guda ya haddace kalmomin Sifaniyanci huɗu, dukkansu sunayen alade ne da kitsensa, yana maimaita su a ƙasan numfashi kamar mai bitar hadda. Shi ya binciko mana cewa akwai masallacin Juma'a a birnin, da al'ummar Musulmi da yawansu asalinsu Gujarat ne ta Indiya, ga kuma Larabawan Labanan a Kolon, inda kuwa suke ba a rasa mai yanka da bismilla. Shi ya gano alƙibla arewa maso gabas take, ya kuma lura birnin Fanama da Abuja kusan layi ɗaya suke a taswira, digiri 9 arewa, don haka tsawon yini ba zai ba mu mamaki ba. Ya yi mana bitar ƙasaru sau uku. A duk ayarin shi kaɗai ne shirinsa ya kammala, kuma ba ya bari mu manta.

Inda suka rabu shi ne sebiche na kasuwar kifi: ɗanyen kifi a yanka ƙanana, a jiƙa shi da ruwan lemon tsami da albasa da barkono har ya yi fari, a zuba a ɗan kofi. Ustaz ya ce kifi halal ne ko wuta ba ta gan shi ba. Mai Ciki ya ce, "Allah gafarta Malam, halal daban, abinci daban." An kwana biyu ba sa gaisawa sosai.

Wani Alhaji abokin yayana, ɗan kasuwa, ya tare ni bayan sallar isha'i da tambayar da yake yi wa kowace ƙasa a duniya: "Me ake kawowa daga can?" Ya ji labarin kasuwar Kolon da ba a biyan haraji, wadda aka kafa a 1948 a bakin mashigi ta ɓangaren Atlantika, ya ce in leƙa in ɗauko masa farashin takalma da turare da kayan lantarki. Na ce wurin na masu sayen kwantena ne, ba na mai jakar hannu ba, kuma zuwa da dawowa zai cinye mini yini guda cikin biyu. Ya ce ai shi ya sa ya ce leƙawa. Ya daɗe yana ganin tutar Fanama a bayan jiragen da ke sauke kaya a Legas, ya ɗauka duk 'yan ƙasar ne ke da su, bai san rajista kawai masu jiragen duniya ke zuwa yi can ba don sauƙin dokoki da kuɗi. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya kashe ido ɗaya ya ce, "In ka ga inda ake ajiye takardun nan, ka gaishe su." Tun da aka fallasa takardun Fanama a 2016, duk wanda na gaya wa inda za ni sai ya yi mini wannan kashe idon, ni da albashina ke ƙarewa ranar 19 ga wata.

Hajiya ta sashen kuɗi ta tsara nata kwana biyun bisa abin da zai fito a bayanta. Kaya kala shida. Shuɗin leshi don bakin teku, inda dogayen benaye ke jere. Atamfa mai ruwan goro don gidajen Kasko Biyeho masu baranda. Wani kuma don benen nan da ya murɗe kamar kusar sukuru. An gaya mata gumin can ba ya barin hoda a fuska, ta ce za a gani. Kafin a raina ta, ita kaɗai ta tambayi irin soket ɗin da suke amfani da shi, aka gano mai siraran baki biyu ne irin na Amurka, wuta kuma 110, cajarmu mai ƙafa uku ba za ta shiga ba. Ita ce kuma ta san mola, ɗinkin hannu na matan ƙabilar Guna, da ake jera ƙyalle kan ƙyalle a yanka na sama launin ƙasa ya fito. Tsarabar da ta fi kowace ma'ana ke nan, ba ta kuma cikin shafi huɗun Mai Jadawali.

Na bar Duk-Yadda-Kuka-Yi zuwa yanzu don shi ma haka yake barin komai. Wata uku bai taɓa kawo shawara ba, bai taɓa musa ta wani ba. Dutse ko tsibiri? "Duk yadda kuka yi." Ta Istambul za a bi, ko ta Amsterdam, tunda babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye? "Duk yadda kuka yi." Mun ɗauke shi waliyyi. Na san irinsa dai, ra'ayinsa a can yake jira, sai an shiga mota an yi nisa zai ce shi da ma tsibirin ya so. Amma bai bari mun kai can ba. Makon jiya aka ce kowa ya kawo fasfo, don mai koren fasfo yana buƙatar bizar Fanama, in kuma ta Turai za a ratsa akwai wata bizar ta wucewa ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Ya kawo nasa cikin leda, a natse. Fasfon ya mutu tun bara. Aka ce yanzu yaya ke nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Duk yadda kuka yi."

Saura sakatare. A dajin dutsen Ankon akwai wata dabba mai dogayen farata da ke rataye a reshe yini guda ba ta motsa ba, sunanta da Sifaniyanci feresoso, wato malalaci. Tun da na ga hotonta na ji kamar na ga ɗan uwa. Nawa shirin rabin shafi ne, na karanta shi a zaman da muka yi ranar Talata: Asabar mu yi barci har gajiyar jirgi ta sake mu, da la'asar mu taka Kasko Biyeho da ƙafa, mu ci kifi a bakin ruwa. Lahadi mu tambayi lokacin da jirage za su sauko, mu je Mirafulores mu samu wuri mu zauna har sai ɗaya ya shigo ya fita. Shi ke nan.

Mai Jadawali ya ce wannan ɓarnar tikiti ce. Masani ya ce a gaskiya ma na tsallake kufan 1519. Mai Kalkuleta ya tambayi kuɗin shiga ya danna waya ya yi salati. Mai Ciki ya ce wane irin kifi, dafaffe ko wancan? Ustaz ya ce ban sa lokacin azahar ba. Hajiya ta ce kaya shida a wuri biyu ba zai yiwu ba. Aka ɗage zaman zuwa Talata mai zuwa, Mai Jadawali ya duba agogo ya sanar cewa mun ci awa 2 da minti 40, wanda in da jirgi ne da ya baro Mirafulores da nisa.

Ƙullin Baba Alhaji yana nan a ƙarƙashin teburina. Daddawar ta fara sanar da kanta, jiya har shugaban ofis ya leƙo yana tambaya ko wani abu ya mutu a silin. Da yamma kuma yaron ya sake zuwa da wata 'yar leda, ya ce Baba ya manta da kanwa.